Idon Sawun Ɗan Kareti

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Jama'a masu sauraro, ga mu a cikin shirinmu na lafiyar matasa. Muna miƙa gaisuwa ga mutanen Kumbotso baki ɗaya, daga Panshekara zuwa Zawaciki, da Sheka, da Mariri, da Ciranci, da Ɗanmaliki. Haka nan muna gaishe da 'yan'uwanmu na Kura da Bunkure, waɗanda wataƙila yanzu haka rediyon na rataye a reshen bishiya ana ban-ruwa. Allah ya sa albarka a noman.

Yau maganarmu a kan targaɗen idon sawu ce, musamman a wurin yaranmu masu wasan kareti. Ina roƙon iyaye su matso kusa, malaman wasan ma su matso, domin galibi ba yaron ne ke yanke hukunci a kan ƙafarsa ba. Babba ne ke cewa a kai shi wurin ɗori, babba ne ke cewa tashi ka taka ba komai, babba ne kuma ke mayar da shi fili kafin lokaci.

Duk wanda ke wucewa ta filayen makarantu bayan la'asar ya san su. Fararen kaya, ɗamara a ƙugu, ƙafa ba takalmi, malami na ƙirgawa suna amsawa da ƙarfi. Da yawansu finafinan Burus Li da Jaki Can ne suka fara ja musu ra'ayi, daga baya suka gane abin ya wuce fim. Wasan ya samo asali ne a tsibirin Okinawa, kuma a shekarar 1922 wani malami mai suna Gichin Funakoshi ya kai shi birnin Tokiyo, daga can ya bazu duniya. A gasar Olamfik da aka yi a Tokiyo a 2021, wata 'yar Masar, Feryal Abdelaziz, ta ci lambar zinare a kareti. 'Yar Afirka ce, Musulma ce. Saboda haka yaro ko yarinyar da ke atisaye a Panshekara yana da abin hange, kuma ni ina tare da su ɗari bisa ɗari. Wasa ne mai koyar da ladabi, yana kuma raba yaro da zaman majalisar banza. Abin da ya dame ni shi ne yawan waɗanda ke barinsa tun ba su kai ko'ina ba, kuma idan ka bincika sai ka ji ƙafa ce.

Bari mu duba yadda abin ke faruwa. A gasar faɗan kareti, mutum biyu ne a fili mai faɗin mita 8 kowane ɓangare, manya kuma minti 3 ake ba su. A cikin waɗannan mintoci, ɗan wasa ba ya dire dunduniyarsa sosai. Yana kan gaban tafin ƙafa, yana 'yar tsalle gaba da baya, yana jiran kafa. Naushi maki 1 ne, shuri a jiki maki 2, shuri a kai maki 3. To kun ga inda kwaɗayin yake. Kowa so yake ya ɗaga ƙafa ta kai kunnen abokin karawa, kuma duk lokacin da ƙafa ɗaya ta tashi sama, nauyin jiki kacokan yana kan ɗayar, tana kuma juyawa a ƙasa. Ga shara, wato a kwashe maka ƙafa daidai lokacin da za ka taka, doka ta yarda da ita. Ga kuma saukowa a kan ƙafar abokin karawa. Kariyar da ake ɗaurawa a ƙwauri da bayan ƙafa tana tare duka ne kawai, ba ta hana gaɓa murɗewa.

A gasa, fuska ce ta fi shan rauni, wannan sananne ne. Sai dai fashewar leɓe kwana kaɗan ne ta warke. Idon sawu shi ne ke zaunar da mutum makonni, shi ne kuma ke dawowa.

Sa hannu yanzu ka taɓa idon sawunka, mai sauraro. Akwai tudu ta ciki, akwai tudu ta waje. Ƙarshen ƙasusuwan ƙwauri biyu ke nan, sun rungumi wani ɗan ƙashi a tsakiya, wanda a kansa ƙafa ke lanƙwasa. Abin da ya ɗaure su wuri guda wasu gajerun jijiyoyi ne masu tauri. Na ɓangaren ciki masu kauri ne, da wuya su tsinke. Na ɓangaren waje guda uku ne, sirara, kuma ta gaban ita ce mafi rauni. Shi ya sa mafi yawan targaɗe iri ɗaya ne: ƙafa ta turguɗe, tafin ya kalli ciki, gefen waje ya daki ƙasa, sai ciwo da kumburi su tashi a gaba da ƙasan tudun waje. Wani lokaci jijiyar miƙewa kawai ta yi, mutum na iya takawa yana ɗingishi, cikin mako ɗaya zuwa uku ya samu kansa. Wani lokaci ta tsage rabi, kumburin ya yi yawa, jini ya kwanta, wannan kan ɗauki mako uku zuwa shida. Wani lokaci kuwa ta tsinke gaba ɗaya, sai a yi maganar watanni.

Akwai wani nau'in da 'yan kareti ya kamata su sani. Idan ƙafar da ka tsaya a kanta ta maƙale a ƙasa alhali jikinka ya juya wajen shuri, jijiyar da ta haɗa ƙasusuwan ƙwaurin biyu ce ke buɗewa. Ciwon na sama da idon sawu kaɗan, kumburin ba lallai ya yi yawa ba, shi ya sa ake raina shi, amma ya fi na farkon jinkirin warkewa nesa ba kusa ba. Idan kuma ɗan wasa ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan dunduniya, ya waiwaya bai ga kowa ba, ya kasa ɗagawa a kan yatsu, to agara ce ake tsoron ta tsinke. Wannan asibiti ne kai tsaye, ba a kwana da shi.

Yanzu ga inda namu ya bambanta da na ƙasashen da ake rubuta littattafan. Su a kan shimfiɗar roba suke atisaye kullum. Namu yaran yawanci sai ranar gasa, a zauren wasanni irin na Ƙofar Mata, suke taka ta. Sauran kwanaki a barandar aji ne mai siminti da ya farfashe, ko filin ƙwallo mai ramuka da tsakuwa, ko yashi mai zurfi da ke haɗiye ƙafa. Wanda ya saba juyawa a kan ƙasa mai santsin ƙura, ranar da ya hau roba sai ya ji ta kama masa tafin ƙafa, jiki ya juya, ƙafa ta ƙi. Malamai, idan za ku kai yara gasa, ku nemi yadda za su taka shimfiɗar ko da sau biyu ne kafin ranar.

Sannan yaronmu ba kareti kaɗai yake yi da ƙafar ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, noma ya zama rani da damina. Matasa da yawa daga Kumbotso kan tsallaka gadar Tamburawa su tafi aikin dashen shinkafa ko tsinkar tumatir, wasu kuma a bakin kogin Calawa suke nasu lambun. Ka dubi wanda ya ɗauko kwandon tumatir a ka, yana bin kunya mai laka wadda faɗinta bai wuce tafin ƙafa ba, silifas na zamewa, ga magudana zai tsallake. Idan idon sawunsa ya riga ya yi rauni a fili jiya, yau a nan zai ƙarasa. Kuma idan ya kwanta, ba gasa kaɗai ya rasa ba, har da kuɗin aikin da gida ke jira.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To an ji ciwon, me za a yi? Tambaya ta farko: targaɗe ne ko karaya? Ido ba ya rarrabewa, domin duka biyun na kumbura. A 1992 wasu likitoci a birnin Otawa na ƙasar Kanada suka fitar da wata hanya mai sauƙi ta gane wanda ke bukatar hoton ƙashi, har yau ana aiki da ita a duniya. Ka ce wa yaron ya yi taku huɗu, ko da ɗingishi ne. Idan ya kasa, a tafi asibiti. Sai ka danna ƙashin kansa, ba naman ba: bayan tudun waje da bayan tudun ciki, daga ƙarshensu zuwa sama kamar tsawon ɗan yatsa. Sai ka bi gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa, a tsakiya za ka ji wani ɗan ƙashi ya turo, danna shi. Haka ta ciki, gaban tudun kaɗan, akwai wani. Idan ya zabura a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, a je a ɗauki hoto. Mu a Kano ba mu da uzuri, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, ga Asibitin Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, ga na Murtala a cikin gari. Idan kuwa ƙafar ta karkace a ido, ko ƙashi ya huda fata, ko yatsu sun mutu, ba a ma tsaya gwaji ba.

Iyaye, ku ƙara kula da wannan. Yaron da bai gama girma ba yana da wani wuri mai taushi a ƙarshen ƙashinsa, ta nan ƙashin ke ƙara tsawo. Abin da zai zama targaɗe a ƙafar babba, a ƙafar ɗan shekara 12 yana iya zama tsagewa a wannan wurin. Idan aka ja aka murɗa, ƙafar na iya girma a karkace.

Wannan ya kawo mu ga ɗori. Zan yi maganar da girmamawa, domin masu ɗori iyayenmu ne, sana'ar gado ce, kuma suna kusa da jama'a a lokacin da asibiti ke nesa ko aljihu ya yi ƙasa. Amma gaskiya ɗaya ce. A targaɗe babu ƙashin da ya goce da za a mayar. Jijiya ce ta yage, tana zubar da jini a ciki. Idan aka kama ƙafar aka ja, aka murza har yaro ya yi ihu, yagewar aka ƙara. Abin da ya fi tsoratar da ni kuwa shi ne ɗauri. A jera karare, a naɗe da tsumma tamau a kan ƙafar da ke kan kumbura, jini ya rasa hanya. Likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha yanke gaɓoɓin da suka ruɓe ta wannan hanyar. Ko wa ya yi ɗaurin, mai ɗori ne ko ma'aikacin asibiti, ga abin dubawa: matsa farcen babban yatsa har ya yi fari, ka saki. Ya kamata jini ya dawo nan take. Idan ya yi jinkiri, ko yatsun sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko yaron ya ce ciwon ƙaruwa yake yi ba ya iya barci, a kwance ɗaurin a lokacin, ko tsakar dare ne, a nufi asibiti. Mai ciwon suga da mai sikila su kam kada a tsaya gwada komai a gida.

Idan an tabbatar targaɗe ne, kwana biyu zuwa uku na farko aikinsu lallashi. A daina wasan nan take. Na san abin da ake faɗa a fili: "Kai namiji ne, tashi ka ƙarasa." Malam, don Allah ka daina. Jarumtar minti biyu ce za ta ci wata biyu. A samo ƙanƙara, ko fiya wata da ya daskare, a naɗe a tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗauke, a maimaita bayan awa biyu ko uku. Kada a ɗora ta a kan fata tsirara. Inda babu, ruwan randa ma ya yi. A naɗa bandeji mai roba daga wajen yatsu zuwa sama, ya kama amma yatsa ya iya shiga ƙarƙashinsa. A kwanta a ɗora ƙafar a kan matashi har ta fi ƙirji tudu. Ruwan zafi da man zafi da tausa, waɗanda su ne hannun uwa ke fara kaiwa gare su saboda tausayi, a jinkirta su, domin a waɗannan kwanakin kumburi suke ƙarawa. Tsaga da ƙaho ba su da gurbi a nan, ƙofa kawai suke buɗe wa ƙwayoyin cuta. Wajen salla kuma, addini ya yi sauƙi ga mara lafiya, ya zauna ya miƙe ƙafar, kada ya danne ta a zaman tahiya.

Maganin kashe zafi, farasitamol ya wadatar ga yawancin mutane. Abin da ba zan yi shiru a kai ba shi ne yaron da ke zuwa kemis a haɗa masa ƙwayoyi, ko ya nemi taramol, don ya samu shiga gasa. Ciwon nan shi ne ke gaya maka iyakarka. Ka kashe shi, ka hau fili, jijiyar da ta tsage rabi ta ƙarasa, ka kuma ɗauko wata masifar da ta fi ta ƙafa.

Yanzu ga zuciyar shirin namu na yau, ina so a saurara da kyau. Ranar da ciwo ya tafi ba ita ce ranar da ƙafa ta warke ba. Ciwo kan lafa cikin mako biyu, jijiya kuwa tana bukatar mako shida zuwa wata uku kafin ta yi ƙwari. Kamar igiyar guga ce da ta fara tsinkewa aka ƙulla, tana iya ɗaukar guga ba ruwa, amma a cika shi a gani. Bayan haka akwai wani abu da ba a gani. A cikin jijiyoyin nan akwai 'yan ƙananan masu kai saƙo, su ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka, ko da idonka a rufe. Su ne ke sa ka gyara taku kafin ka faɗi ba tare da ka yi tunani ba. Targaɗe na lalata su. Saƙon sai ya riƙa zuwa a makare, ƙafa ta turguɗe kafin jiki ya ankara. Shi ya sa za ka ji matashi na cewa, "Ni ƙafata haka take, ko a tafiya sai ta gurɗe." Ba haka aka haife shi ba. Targaɗen farko ne ba a gama jinyarsa ba, na biyu ya biyo, na uku ya biyo, har gaɓar ta saki, shekaru kuma su kawo ciwon sanyin ƙashi tun da sauran ƙuruciya.

Abin farin ciki, ana iya sake koya wa ƙafa. A ƙasar Holan, a 2009, an gwada 'yan wasa 522 da suka yi targaɗe. An ba rabinsu atisayen tsayuwa da daidaita jiki na mako 8 a gida, sai maimaituwar ciwon ta ragu a cikinsu da kusan kashi 35 cikin 100. Atisayen nan ba ya cin ko sisi.

Daga kwana na uku ko na huɗu, fara takawa daidai yadda za ka iya jurewa, domin dogon kwanciya ma sandarar da gaɓa yake yi. Kana zaune, riƙa zana haruffa a iska da babban yatsa. Sa tsumma ko rawani a tafin ƙafa ka jawo yatsun wajenka. Idan ka samu sauƙi, je wurin mai faci ka karɓo tsohon tub na keke, ka yanka, ka ɗaura a ƙafar gado, ka saƙala gaban ƙafarka, ka riƙa tura ta waje a hankali. Naman gefen ƙwauri kake ƙarfafawa, shi ne mai gadin ɓangaren waje. Sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya. Kana asuwaki da safe, tsaya a kan mai ciwon, kusa da bango, daƙiƙa 30. Idan ta zauna, rufe ido. Za ka yi mamakin yadda za ka riƙa tangaɗi alhali ɗayar ƙafar ba ta yi. Idan wannan ma ta zauna, hau kan matashi ko buhun dusa, abokinka na jefo maka ƙwallo kana cafewa. Kullum, ba ranar da ka tuna ba. Wanda nasa ya yi tsanani, ko ya wuce mako shida bai ga ci gaba ba, ya je wurin masu gashin ƙashi a asibiti, aikinsu ke nan.

Malam mai koyarwa, kai ne mai tsaron ƙofar fili, kada ka yarda da "na warke" ta baki. Sa shi ya fuskanci bango, ya kai gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, ka gwada nisan yatsunsa da bangon a ƙafa biyun, su zo daidai. Ya tsuguna sosai ba ciwo. Ya ɗaga a kan yatsun ƙafa ɗaya sau 20. Ya yi tsalle da ita gaba, baya da gefe, ya dire ba tangaɗi. Sai ya koma, shi ma daki-daki: takun kata, wato atisaye ba abokin karawa, tukuna, sannan dukan jaka, sannan faɗa mai sauƙi da wanda ya san halin da yake ciki, shara ita ce ƙarshe. Ya riƙa ɗaura safar idon sawu mai igiya ko filasta a lokacin atisaye har wata shida zuwa shekara, a kuma tambayi alƙalan gasa irin ɗaurin da suka amince da shi. Kafin kowane atisaye a ɗumama jiki minti 10, balle da hunturu, a kuma zagaya filin a tsince duwatsu a cike ramuka. Shurin sama da shara a yi su da farko, lokacin da ƙafa ke da ƙarfi, kada a bar su sai dab da magariba an gaji, ga duhu ya fara.

Duk abin da na faɗa ya shafi 'yan tekwando, da 'yan damben da ke shuri a dandalin Ado Bayero na Sabon Gari, da 'yan kokawa, da masu ƙwallon unguwa. 'Yan mata masu kareti kuma, iyaye mata ku riƙa tambayarsu, domin da yawa kan ɓoye ciwo don tsoron kada a ce daga yau an hana su zuwa.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki gwiwa. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)